Yamai a damina: hadari ɗaya, idanu biyu

Direban da ya ɗauko mu daga Birnin Konni ba ya tafiya sai da rediyonsa. Na jikin motar ya daɗe da mutuwa, saboda haka wani ƙaramin akwati ne baƙi ya ɗaure da roba a gaban sitiyari, eriyarsa ta leƙa waje ta taga. Duk lokacin da maganar ta fara shaƙewa sai ya miƙa hannu ya murɗa, yana cewa, "Mita 19 ta gudu, bari mu nemi 16." A watan Agustan 2006 ke nan, ina aji biyu a jami'a ina karatun Fiziks, kuma abin kunya, tun ina yaro nake jin ana cewa "a kan mita kaza, gajeren zango" ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da mitar take aunawa ba.

Daga Konni zuwa Yamai tafiyar kilomita ɗari huɗu da ɗoriya ce. Mun wuce Dogon Dutsi da jajayen duwatsunsa, muka ci abinci a Doso, gero kuwa hagu da dama ya fi mutum tsayi. A wajen Kure fasinjoji suka yi ta leƙe ko za su ga raƙuman dawan da ake ba da labari. Ni dai ban ga ko ɗaya ba, sai wata tsohuwa a bayana da ta rantse ta ga wuyan guda. Mun shiga Yamai bayan la'asar, ta gefen filin jirgin sama na Diori Hamani, inda kawuna yake aiki.

Kawu ma'aikacin duba yanayi ne, abin da mutanen Nijar ke kira meteyo. Shekara da shekaru aikinsa shi ne karanta ma'aunin zafi da na ruwan sama, da duban gajimare ya rubuta irinsa da tsayinsa don amfanin matuƙa jirgi. A wannan shekarar garin ya cika da baƙin masana daga Faransa da Ingila da Amurka da ƙasashen Afirka, sun zo wani babban bincike kan daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA. Kawu ya ce sunan ya dace, domin duk abin da masana suka faɗa maka game da damina sai sun ƙarasa da "amma". Cikin kayan da suka kafa a filin jirgin akwai na'urorin rada guda biyu. Ɗaya ta jami'ar MIT ce ta Amurka, tana jujjuya kai a hankali tana duban kowace kusurwa. Ɗayar ta zo ne cikin kwantenonin wani shiri na ma'aikatar makamashi ta Amurka da ake kira ARM, ita kuma ba ta motsi ko kaɗan, sama kawai take kallo a miƙe dare da rana.

Na tambayi Kawu dalilin da zai sa a kawo biyu alhali aiki ɗaya suke yi.

"Kai ne ɗan jami'a," ya ce, "ka faɗa mini yadda rada take aiki tukuna."

Wannan na sani. Rada amsa-kuwwa take saurare. Takan harba igiyar rediyo na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta yi shiru, ta jira abin da zai dawo bayan igiyar ta bugi wani abu. Igiyar tana gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan ruwa yana zuba a nisan kilomita 150, zuwa da dawowa kilomita 300 ke nan, amsar za ta iso cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Daga jinkirin amsar ake sanin nisa, daga ƙarfinta kuma ake ƙiyasta yawan ruwan. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce na ci rabin maki, sauran rabin sai gobe a bakin kogi.

Washegari da yamma muka tafi kusa da Gadar Kennedy, wadda ta haɗa tsakiyar gari da unguwannin hayin kogi. Kogin Kwara a Yamai yana da faɗi, kuma a wannan lokaci ruwansa ja ne saboda ƙasar da rafuka ke kwasowa. Mata na wanki, masu kwalekwale na fito da mutane da buhunan kaya. Wani kwalekwale mai inji ya wuce, manyan igiyoyinsa suka taho gaɓa suna tashi suna sauka. Kawu ya nuna mini wani siririn kara da ke tsaye a cikin ruwa. Manyan igiyoyin suka ratsa shi suka wuce kamar ba ya nan. Sai ya ɗauki ɗan tsakuwa ya jefa kusa da shi. Ƙananan igiyoyin da tsakuwar ta tayar da suka isa jikin karan sai suka karye, wasu suka juyo baya.

"Tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba," in ji shi, "ita ce mitar da direbanka yake nema. Tsawon zango ke nan. Igiya mai dogon zango ba ta san da ƙaramin abu ba. Mai gajeren zango ko kara ta gani sai ta tsaya ta gaisa."

Radar MIT tana aiki da zango mai tsawon kimanin santimita 5, kusan tsawon ɗan yatsanku ƙarami. Mai kallon sama kuwa zangonta bai wuce milimita 3 da ɗan kaɗan ba, kamar ƙwayar gero. Masana suna kiran waɗannan rukunai da haruffa: S shi ne na santimita 10, C na santimita 5, X na santimita 3, W kuma na milimita 3. Ban fahimci girman bambancin ba sai da hadari ya zo, kwana uku bayan haka.

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ya san irin wannan hadari. Ana wuni cikin zafi mai ɗanko, iska ta tsaya cak, sai gabas ta haɗe. Ranar muna gida bayan sallar la'asar, yaran Kawu suna kallon ƙwallo a talabijin ta farantin da ke bisa rufi, Inna kuma tana tsakar gida da rediyonta a tashar FM. Kawu ya dawo daga aiki da wuri, ya ce a kwashe shanya a ɗaure awaki, an ga layin hadari a rada tun yana nesa da gari. Na fita ƙofar gida na duba. Abin da ya fara zuwa ba ruwa ba ne, bango ne na jar ƙura ya tashi daga ƙasa har sama, yana haɗiye gidaje ɗaya bayan ɗaya. Cikin mintuna kaɗan rana ta koma magariba. Bayan ƙurar sai iska mai sanyi, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Tun kafin wuta ta ɗauke, hoton talabijin ya daskare, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, sannan allon ya yi baƙi. Yara suka yi ihu. Rediyon Inna, wanda ta shigo da shi ɗaki, ko gezau bai yi ba. Kawu ya dube ni ya ɗaga gira. Saƙon da farantin ke kamawa daga tauraron ɗan'adam zangonsa bai kai santimita 3 ba, ɗigon ruwa suna shanye shi suna watsa shi kafin ya iso rufin gida. Na FM kusan mita 3 ne, ruwan sama a wurinsa kamar karan nan ne a gaban igiyar kwalekwale. Duk wanda a cikinku aka taɓa katse wa kallo a gidan ƙwallo saboda hadari ya riga ya ga abin da ke damun masu ƙera rada.

Da safe Kawu ya tafi da ni ofis, aka nuna mana hotunan jiya a kwamfuta. Hoton radar MIT kamar taswira yake, Yamai a tsakiya. Hadarin ya fito a matsayin dogon layi daga arewa zuwa kudu, gabansa ja wur inda ruwa ya fi ƙarfi, bayansa wani faffaɗan fili kore da rawaya inda ake yayyafi mai daɗewa. Na'urar tana kammala zagayen duba sararin sama duk bayan kimanin minti goma, don haka da aka jera hotunan sai muka ga layin yana tafiya yamma. Irin waɗannan layuka sukan yi gudun kilomita 50 a awa ko fiye. Ku lissafa da kanku: idan an hango shi a nisan kilomita 150, mutanen gari suna da kusan awa uku. Awa uku ta ishi jirgi ya fasa tashi, ta ishi mai kwalekwale ya koma gaɓa. Mafi yawan ruwan da Yamai ke samu, wanda a matsakaici yake tsakanin milimita 500 da 600 a shekara, daga irin wannan hadari yake zuwa.

Hoton mai kallon sama daban yake, domin ita abin da ya ratsa ta kanta kawai take rubutawa, daga ƙasa zuwa can ƙololuwa, lokaci bayan lokaci. Ta nuna siraran gajimare na ƙanƙara a tsayin kilomita goma da wani abu, waɗanda ido ma da ƙyar yake gani, ta nuna hawa-hawan gajimaren dalla-dalla kamar an yanka gurasa an duba cikinta. Har ƙwarin da ke yawo a iska kusa da ƙasa ta ɗauka. Amma daidai lokacin da ruwa ya tsuge a filin jirgin, sai saman hoton ya ɓace, kamar an yage takarda. Hadarin yana nan da tsayinsa, na'urar ce ta makance. Igiyarta ta ƙare a cikin ruwan da ke ƙasa-ƙasa, ba ta kai sama ba balle ta dawo.

A nan lissafin yake da daɗi, kuma ina roƙon ku kada ku tsallake wannan sakin layi. Idan ɗigon ruwa ya fi zangon igiya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙarfin amsar da yake mayarwa yana bin wata ƙa'ida da Lord Rayleigh, masanin Ingila, ya fitar a shekarun 1870, ita ce kuma take bayyana dalilin da ya sa sama take shuɗiya. Ƙa'idar tana da hannu biyu. Na farko girman ɗigo: idan faɗinsa ya ninka biyu, amsar ba biyu take ninkawa ba, sai 2 sau 2 har sau shida, wato 64. Idan ya ninka goma, amsar ta ninka miliyan. Ɗigon ruwan sama guda mai faɗin milimita 1 yana mayar da amsa daidai da ta ɗigo miliyan guda masu faɗin kashi ɗaya bisa goma na milimita. Ɗigon da ke cikin gajimare kuwa sun fi haka ƙanƙanta, galibi kashi ɗaya ko biyu bisa ɗari na milimita, shi ya sa radar ruwan sama take duban farin gajimare ta ce babu komai. Hannu na biyu shi ne zango: idan aka rage shi da rabi, amsar ƙaramin ɗigo takan ninka 16. Daga santimita 5 zuwa milimita 3, ribar ta haura ninki dubu hamsin. Da wannan ribar mai kallon sama take jin raɗar gajimare.

Sai dai abin da ya ba ta kunne shi ne ya cuce ta. Igiyar da kowane ɗigo yake tarewa, kowane ɗigo yana rage mata ƙarfi, wani ya shanye, wani ya watsar. Kuma manyan ɗigon hadari, masu milimita 3 zuwa 5, sun kai zangonta girma ko sun fi shi, a nan ƙa'idar Rayleigh ma ta daina aiki, ba za a iya amfani da ita a auna ruwan ba.

Na ce wa Kawu ashe ta MIT ce gwana. Ya ce in yi a hankali. Ita ma idan layin hadari ya yi kauri, abin da ke bayansa yakan fito da rauni fiye da gaskiyarsa, kuma idan ruwa yana zuba a kan na'urar kanta, duk hoton yakan dushe. Wanda yake son ya ratsa mamakon ruwa da ƙanƙara ba tare da asara mai yawa ba sai ya koma santimita 10. Amurka ta yi haka: na'urori kusan 160 da ta shimfiɗa don gargaɗin guguwa duk masu zangon santimita 10 ne. Kuɗin abin yana wajen faranti. Kafin a matse igiya ta zama siririya kamar hasken tocila mai kyau, dole faɗin faranti ya ninka tsawon zango sau da yawa. Farantin waɗancan na Amurka mita 8 da rabi ne. Mai santimita 5 rabin wannan ya ishe ta, mai santimita 3 kuwa ana iya ɗora ta a bayan mota.

Jirgin sama ba shi da wurin ɗaukar farantin mita takwas. Radar da ke cikin hancinsa mai santimita 3 ce, kuma matuƙa suna koyon tsoron abin da suke kira inuwa: wurin da ya fito fayau a bayan jan hadari, wanda zai iya zama sarari na gaske, zai kuma iya zama inda igiya ta kasa kaiwa. Ranar 4 ga Afrilun 1977 wani jirgin kamfanin Southern Airways ya kutsa cikin hadari mai ruwa da ƙanƙara a jihar Jojiya ta Amurka, injinansa biyu suka mutu, matuƙan suka yi ƙoƙarin sauka a kan titin mota. Mutum 72 suka rasu, tara daga cikinsu mutanen ƙasa ne. Masu bincike sun sanya dogaron matuƙin da radar jirgin wajen ratsa hadari cikin abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar haɗarin. Tun da na ji wannan labari, idan aka jinkirta tashin jirgi saboda hadari ba na cikin masu ƙorafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, wasu hotuna ne na farkon damina da Kawu ya sa aka buɗo daga mai kallon sama. A cikinsu ana ganin ruwa yana saukowa daga gajimare kamar gezar doki, yana sirancewa, ya ƙare a iska tun bai taɓa ƙasa ba. Iskar ƙasa ta bushe ƙwarai a watan Mayu da farkon Yuni, tana shanye ɗigon a hanya. Mu a ƙauye mun san wannan. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu, har ƙamshin ruwa a ji, a ƙarshe a tashi da holoƙo. Kakana yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari, kuma na ga shekarar da ɗan yayyafi ya tsirar da irin sannan rana ta ƙone shi, aka koma neman na sake shuka da bashi. Radar da ke duban nesa igiyarta tana ƙara yin sama yayin da take nisa, saboda doron duniya yana lanƙwasawa a ƙarƙashinta. Tana iya ganin ruwa a can sama ta rubuta cewa an yi ruwa a wani ƙauye, alhali manomin wurin ko ɗigo bai gani ba. Saboda haka ne masu binciken ba su yar da tsohon ma'aunin ruwa irin na Kawu ba. A kewayen Yamai akwai gomman irinsa da aka kakkafa a ƙauyuka tun farkon shekarun 1990, da su ake gwada gaskiyar abin da rada ta faɗa.

Na'urorin biyu baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. Kwantenonin ARM sun tashi bayan shekara guda, radar MIT kuma ta sake aiki a daminar 2007. Tunanin haɗa zango biyu a dubi hadari ɗaya kuwa ya ci gaba. Tauraron GPM da Amurka da Japan suka harba a watan Fabrairun 2014 yana ɗauke da rada biyu, ɗaya mai zangon santimita 2 da ɗan kaɗan, ɗaya mai kimanin milimita 8, kuma daga bambancin amsarsu ake gane girman ɗigon da ke zuba. Akwai kuma wata dabara da ta burge ni fiye da wannan. Dogayen ƙarafan kamfanonin waya suna aika wa juna saƙo da igiyoyi masu gajeren zango, ruwan sama kuma yana raunana saƙon kamar yadda ya yi wa talabijin ɗin yaran Kawu. A daminar 2012 masu bincike a Burkina Faso suka gwada auna ruwan sama daga yawan raunin da saƙon ya yi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sakamakon kuma ya zo kusa da na ma'aunin ƙasa.

A watan Satumban 2020 Kogin Kwara ya cika a Yamai fiye da duk abin da aka taɓa aunawa kafin lokacin, ya fasa shingayen da aka yi masa, ya shiga unguwannin gefen kogi, dubban mutane suka kwana a makarantu. Yawancin jan ruwan da ke cika kogin a damina ba a kan birnin yake zuba ba. Rafuka irin su Sirba ne suke kawo shi daga yamma, daga wajen iyakar Burkina Faso, inda mutumin Yamai ba ya ganin hadarin da idonsa. Na kira Kawu a wannan makon hankalina a tashe. Ya yi ritaya, gidansa yana kan tudu, ruwa bai kai gare su ba, amma ɗakin baƙinsa cike yake da 'yan uwan Inna daga hayin kogi. Ya ce har yanzu yana da ma'aunin ruwa a tsakar gida, ya kafa shi nesa da bishiyar darbejiya, kowace safiya yana rubuta abin da ya samu a wani littafi mai bangon kwali.

Muna cikin magana muryarsa ta fara yankewa. Na ce, "Kawu, ba na jin ka sosai."

"Gabas ce ta haɗe," ya ce. "Bari in taya Innarku kwashe shanya, ka kira ni bayan isha'i."